Windows Ta Ɗora Kanta, Amma Rabin Saitin Rajista Ya Ɓace

Wani mai gyaran kwamfuta ya aiko da tambaya. An ba shi aikin ɗora Windows a kan kwamfutocin wata makaranta, sai ya haɗa fayil ɗin amsoshi, wato autounattend.xml, ya ajiye a filashi, aiki ya tafi shi kaɗai ba tare da ya danna komai ba. A ciki ya saka umarnin da zai shigar da wani fayil na .reg mai ɗauke da saitunan da yake so. Da aka gama, wasu sun zauna, wasu kuwa ko alamarsu babu. Alhali in ya shiga ya buɗe fayil ɗin da hannu, komai yana kamawa.

Malam, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Abin dubawa shi ne lokacin da umarnin ya gudana, da kuma asusun da ya gudanar da shi.

Rajistar Windows ba dunƙule ɗaya ba ce. Reshen HKEY_LOCAL_MACHINE na kwamfutar ne baki ɗaya, ko waye ya shiga shi zai tarar. Reshen HKEY_CURRENT_USER kuwa na wanda yake ciki ne a daidai wannan lokacin, kuma asalinsa wani fayil ne mai suna NTUSER.DAT da kowane asusu yake da nasa. Tun daga Windows Vista ake raba aikin ɗorawa zuwa matakai, kuma yawancin masu gyara a matakin specialize suke saka umarninsu. To a wannan matakin ba a riga an ƙirƙiri asusun kowa ba. Asusun SYSTEM ne yake gudanar da umarnin, saboda haka duk abin da ka rubuta wa HKEY_CURRENT_USER a rajistar SYSTEM yake sauka. Shi ya sa ba ka ga saƙon kuskure ba: an rubuta saitin, sai dai ba ga wanda ka nufa ba. Buɗe fayil ɗinka ka duba, ina kyautata zaton duk waɗanda suka ɓace da wannan reshen suka fara.

A nan ne da yawa suke faɗawa rami na biyu. Sukan ga HKEY_USERS\.DEFAULT su ɗauka daga nan sababbin asusu suke gado. Ba haka ba ne, wannan ma na SYSTEM ne. Wurin gado na gaskiya shi ne C:\Users\Default\NTUSER.DAT. Ranar da mutum ya fara shiga asusunsa, Windows wannan fayil ɗin take kwafa masa, kamar abin buga bulo, duk siffar da ka ba shi da ita kowane bulo zai fito. Don haka shi za ka gyara, kuma layi uku sun wadatar:

reg load HKU\Aro C:\Users\Default\NTUSER.DAT
reg add HKU\Aro\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\Advanced /v HideFileExt /t REG_DWORD /d 0 /f
reg unload HKU\Aro

Layin farko ya ɗauko fayil ɗin ya rataye shi a rajista da sunan wucin gadi. Na kira shi Aro, kai kana iya ba shi sunan da ka ga dama. Na biyu shi ne saitin kansa, a wannan misalin yana sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, irin su .exe da .pdf, abin da nake ganin ya kamata kowace kwamfutar ɗalibai ta samu, domin yana tona asirin muguwar manhajar da ta yi shigar takarda. Na uku ya sauke fayil ɗin. Kada ka raina wannan layin. Muddin ba a sauke shi ba, a kulle yake, kuma Windows tana iya kasa kwafarsa ga mai shiga. In kuma ka fi son ci gaba da fayil ɗin .reg, raba shi biyu: na kwamfuta daban, na mutane daban, sannan a na biyun ka maye gurbin HKEY_CURRENT_USER da HKEY_USERS\Aro, ka shigar da shi tsakanin layin farko da na uku.

Wannan dabara sababbin asusu kawai take shafa. Akwai kuma wasu saitunan fuskar allo da Windows take sake rubutawa a shigar farko. Irin waɗannan sai ka kai su FirstLogonCommands a matakin oobeSystem, amma ka sani sau ɗaya yake gudana, ga mai kula na farko da ya shiga. Matakin windowsPE kuwa rajistarsa a ƙwaƙwalwar wucin gadi take, da zarar kwamfuta ta sake tashi ta tafi.

Shawarata ita ce kada ka cusa dogayen umarni a cikin XML, inda alamar & kaɗai za ta iya ɓata fayil ɗin in ba a rubuta ta & ba. Tara su a fayil ɗin .cmd guda, ka ajiye a filashi cikin sources\$OEM$\$$\Setup\Scripts, Windows za ta kwafe shi zuwa C:\Windows\Setup\Scripts, daga can ka kira shi. Kada ka dogara da harafin filashi, yau D ne, a wata kwamfutar E. In ka zaɓi sunan SetupComplete.cmd zai tashi da kansa a ƙarshen aiki, shi ma da asusun SYSTEM, sai dai yakan ƙi tashi a kwamfutar da ke amfani da lambar lasisin da kamfanin ƙera ta ya saka. Kuma na fi son reg import a kan regedit /s, domin na biyun ko ya gaza shiru zai yi.

Kafin ka taɓa kwamfutocin makarantar, gwada komai a VirtualBox ko Hyper-V. In wani abu ya tsaya, karanta setupact.log da ke C:\Windows\Panther, da wanda ke cikin UnattendGC. Sannan ka buɗe sabon asusu na ɗalibi, ka shiga da shi, ka duba ko ƙarshen sunayen fayiloli ya bayyana. A wannan asusun za ka gwada, ba a naka na mai kula ba.