Shin Yuli Watan Haɗari Ne Ga Mai Tiyatar Ƙashin Baya?

Wani mai sauraro daga Zariya na tambaya ko sauyin likitoci masu koyon tiyata na jefa majinyata cikin haɗari.

To, wannan fargaba ta daɗe a Amurka, inda sababbin likitoci ke kama aiki a asibitocin koyarwa kowane Yuli, waɗanda hannunsu ya faɗa kuma su yi gaba. Masu bincike na asibitin Mayo Clinic sun duba bayanan majinyatan tiyatar ƙashin baya kusan miliyan ɗaya, daga 2001 zuwa 2008. Mace-mace ba su ƙaru a Yuli ba; amma harbuwar rauni da ƙwayoyin cuta ta ɗan haura.

Sabon likita dai yakan buɗa rauni ko ya yi ɗinki, amma da an kusanci laka, babban likita na tsaye a kansa.