Yadda Ake Kallon Husufi a Tawa da Arewacin Adar Ba Tare da Cutar da Ido Ba

Manyan ɗakunan binciken taurari na Afirka, irin su Kottamiya a Masar da Ukaimedan a Maroko, sun yi wa mutumin Tawa nisa, saboda haka filin makaranta ko wani tudu a bayan gari shi ne zai zame masa wurin kallo. Husufin rana yana faruwa ne idan wata ya gifta tsakanin rana da duniya, na wata kuwa idan inuwar duniya ta faɗa kan wata a daren da ya cika.

Matakin farko shi ne sanin ranar. Husufin 29 ga Maris 2006 ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, amma a Tawa wani sashenta kawai ya rufe, kuma haka lissafi ya nuna game da na 2 ga Agusta 2027, wanda cikarsa ke bi ta Masar da Makka, da na 20 ga Maris 2034, wanda ke bi ta Legas. Wannan yana nufin babu wani lokaci a cikinsu da mutumin Adar zai iya duban rana da ido tsirara.

A nan ne gurguwar shawara ta fi yawa. Tabarau na kwalliya, da gilashin da aka baƙanta da hayaƙin fitila, da tsohon hoton ƙashi na asibiti, da leƙa rana a cikin kwanon ruwa, duk ba sa kare kowa, domin suna rage hasken da ke sa mutum runtse ido ne kawai, alhali hasken da ke ƙuna yana wucewa. Tantanin da ke can bayan ido, wanda shi ne ke ɗaukar hoton abin da ake gani, ba ya jin zafi, don haka mai kallo ba ya sanin ya yi ɓarna sai bayan wasu sa'o'i, lokacin da duhu ya tsaya masa a tsakiyar gani. Abin amincewa shi ne tabarau na husufi mai ɗauke da lambar ISO 12312-2, wanda ba shi da tsada ga mai ɗan'uwa a Yamai ko waje, sai kuma gilashin masu walda mai lamba 14. Yawancin wanda ake samu a hannun masu walda bai kai wannan lamba ba, kuma wanda ba a rubuta lambarsa ba a bar shi. Tabarau da ya huje ko ya karce shi ma a jefar.

Wanda bai samu ko ɗaya ba sai ya nemi kwali, ya yanke ƙaramar taga, ya manna takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin shayi, ya huda ta da allura sau ɗaya. Daga nan ya juya wa rana baya, ya bar hasken da ke bi ta ƙofar allurar ya sauka kan farar takarda a cikin inuwa. Tazarar mita ɗaya tana ba da surar rana wadda faɗinta bai cika santimita ɗaya ba. Mai son ta girma sai ya ƙara tazarar, kada ya faɗaɗa ƙofar, domin faɗaɗawa dishi-dishi take kawowa. Inuwar dogonyaro ma tana yin wannan aiki, inda tabon hasken da ke ƙasa ke komawa kamar jinjirin wata.

Husufin wata ba shi da wannan haɗari, ido kawai ya isa. A nisanci fitilun gari, a kashe hasken waya na kimanin minti 20, kuma saboda halin tsaro a arewacin jihar Tawa kada a yi nisa cikin daji da dare. Idan kuwa husufin rana ne, masu zuwa sallar kisfewa su damƙa yara ga babba guda, domin yaro ne ya fi saurin ɗaga kai ya dubi rana.