Jan Yauƙi a Tankin Murjani: Kada Ka Fara da Magani

Duk mai kiwon murjani da kifin teku a tankin gilashi, ko ba daɗe ko ba jima sai ya wayi gari ya ga wani jan yauƙi mai launin zoɓo ya shimfiɗu a kan yashi, ƙananan kumfa maƙale a jikinsa. Da dare ya lafa, da fitila ta yi 'yan sa'o'i a kunne ya dawo ya fi na jiya. Mutane kan ɗauka gansakuka ce, amma bakteriya ce da masana ke kira sayanobakteriya. Da haske take haɗa abincinta, kumfar nan kuwa iskar oksijin ce da take fitarwa. Kakanninta ne suka fara cika sararin duniya da oksijin shekaru sama da biliyan 2 da suka wuce, don haka kada ka sa rai za ka ƙarar da ita kwata-kwata. Tana cikin kowane tanki. Aikinka shi ne hana ta samun fili.

Ka fara tabbatar da cewa ita ce. Ɗauki ɗan bututu ka feso mata ruwa. In ta ɓantaro falle-falle tana yawo, ita ce. In ƙura ce ruwan ƙasa da ke tashi ta watse, wannan dayatom ce, ta saba zuwa wa sabon tanki, ta kuma tafi da kanta. In kuwa zare-zare ne ruwan ƙasa, kowanne da ƙwayar kumfa a bakinsa, ga dodon koɗinka suna mutuwa, to dainofilajilet ce. Ta fi muni, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Daga nan sai ka dubi inda ta kwanta, domin wurin da kansa zai gaya maka laifin. Yawanci lungu ne, bayan dutse ko kusurwar gilashi, inda ruwa ba ya motsi, kashin kifi da ragowar abinci suna taruwa suna ruɓewa. Sa tiyo siriri ka zuƙe ta tare da dattin ƙarƙashinta, ka zubar. Kada ka kankare ta ka bar ta a ruwa, in ka yi haka shuka ta ka yi. Sannan ka juya famfon kaɗa ruwa ya riƙa sharar wannan lungun, ba tare da ya tayar da yashi ba. Wanke matata duk kwana 2 ko 3, ka tsabtace kofin injin kumfa mai tsame datti, abinci kuma ka ba kifi abin da za su cinye a minti 2. Ruwan da kake haɗawa da gishiri ya kasance wanda ya bi ta matatar RO/DI, na'urar awon TDS ta nuna 0. Ruwan famfo ko na burtsatse, komai kyansa a ido, yana iya ɗauke da abin da ke ciyar da ita. Wanda kuma ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta, ya tanadar wa famfon batiri ko sola: ruwan da ya tsaya cik cikin zafi gida ne gare ta. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26.

Inda na fi saɓawa da tsohuwar shawara shi ne batun naitiret da fosfet, sinadaran da datti ke bari a ruwa. An daɗe ana cewa a mayar da su sifili. Sai mutum ya yi ta sauya ruwa, ya cika matata da sinadarin tsotse fosfet, murjani su koɗe, jan yauƙin kuma ko gezau. Dalili shi ne wasu nau'o'inta na iya ɗibar naitirojin daga iskar da ta narke a ruwa, ga kuma dattin yashi da take sha kai tsaye. Yunwar da ka ƙaƙaba wa tanki abokan gasarta take kashewa, wato bakteriya mai amfani da tsirran ruwa, ita kuma ta gaje wurin. Gara ka riƙe naitiret a wajen ppm 5 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, kada su riƙa hawa da sauka. Kuma in awo ya nuna sifili alhali yashi ya yi ja, kada ka yi murna, ita ce ke shanyewa kafin ka auna. Mai zuba ruwan khal don rage naitiret ya dakata tukuna, abinci ne gare ta.

Kashe fitila kwana 3 tare da lulluɓe gilashi yana karya lagonta, kuma yawancin murjani na jurewa. Sai dai in ba ka gyara lungun da dattin ba, za ta dawo.

Magani irin su Chemiclean ko eritiromaisin yana aiki, ba na musu. Lokacinsa shi ne sa'ad da ta hau kan murjani tana shaƙe su, ko ka yi makonni kana zuƙa ba canji. In za ka sa, zuƙe mafi yawanta tukun, cire gawayi daga matata, ka ƙara dutsen iska, domin mutuwarta lokaci guda kan janye oksijin har ka ga kifi suna haki a saman ruwa. Injin kumfa zai yi ambaliya, don haka cire kofinsa. Bayan sa'o'i 48 ka sauya kashi 20 cikin ɗari na ruwan, ka mayar da gawayi. A makonnin da suka biyo baya ka dage da awo, saboda yashin da aka share ana cikin ƙarancin naitiret da fosfet, dainofilajilet ce ta fi saurin mamaye shi.