Tafiyar Abokai Uku a Kogin Kwara

A ƙasar Gumel babu babban kogi. Wanda ya tashi daga Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa kasuwar Maigatari, sai ya ga rairayi da gonakin gero da rijiyoyi. Amma akwai ƙasashen da ruwa ne hanyarsu, kwalekwale kuwa shi ne jakinsu.

Kogin Kwara ya fi kowane kogi tsawo a Afirka ta Yamma. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,200. Mafarinsa yana cikin duwatsun ƙasar Gini, ba nisa da teku. Maimakon ya nufi teku sosai, sai ya yi arewa maso gabas, ya bi ta Bamako, ya gitta kusa da Tumbutu. Daga can ya karkato, ya ratsa Yamai da Yawuri. A Lakwaja ya gamu da Binuwai, sa'an nan suka gangara teku tare.

A watan Oktoba na 1946 waɗansu samari uku, mutanen Faransa, suka tashi bin wannan kogi tun daga mafarinsa. Sunayensu Jean Rouch da Jean Sauvy da Pierre Ponty. Ba fatauci ya kai su ba, sha'awar ganin duniya ce kurum. Kuɗin guzuri ma ba su da shi da yawa, sai suka riƙa rubuta labarin tafiyarsu suna sayar wa jaridu.

Dukansu uku injiniyoyi ne masu ilimi, amma kogi bai san takardar shaida ba. A wani wuri ruwa ya yi ƙaranci, a wani ya yi ƙarfi tsakanin duwatsu, ga kuma dorina. Masunta da matuƙan jirgi su ne suka san inda hatsari yake, don cikin ruwan aka haife su. A Ayoru, cikin ƙasar Nijar, samarin suka tsaya wurin Sarkawa, suka ga yadda suke farautar dorina da zago. Nan masu ilimin boko suka zama almajirai.

Wani abu kuma ya faru. Rouch yana da na'urar ɗaukar hoton majigi, sai ya rasa ƙafafun da ake ɗora ta a kai. Bai zauna yana kuka ba. Ya riƙe ta a hannu, ya ci gaba da aiki. Daga baya wannan dabara ta zama sanannen salonsa, ya yi suna a duniya.

Sun wuce Busa, inda Mungo Park ya halaka a cikin 1806. Tun 1968 ruwan madatsar Kainji ya rufe tsohon garin. A watan Maris na 1947 biyu daga cikinsu suka isa teku lafiya, bayan kamar wata biyar.

To, yara, ko yaron da bai taɓa ganin kwalekwale ba yana da rabo a wannan labari. Duk inda mutum ya baƙunta, kada ya raina na gida, kome yawan karatunsa. Mai tambaya ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Ina ne mafarin Kogin Kwara?
2. Me ya sa masu ilimi suka zama almajirai a Ayoru?
3. Wane ne ya fi sanin hanyar daji a garinku? Me za ku koya daga gare shi?