Ƙananan Halittun Cikin Doki da Yadda Ake Zaɓen Magungunan Gyaran Hanji

Gabatarwa

Duk shekara idan Sallah ta gabato, bargogin sarakuna da na hakimai a Kano da Katsina da Zazzau sukan cika da hidima. Ana gyara sirdi da linzami, ana kuma ƙara wa dawaki hatsi domin su yi ƙiba, jikinsu ya yi sheƙi kafin ranar hawa. Sai dai wannan ƙarin hatsi na gaggawa yana daga cikin sanannun musabbaban ciwon ciki, wanda kan kayar da lafiyayyen ingarma a cikin dare guda. Saboda tsoron haka, masu dawaki da dama sukan nemi garin magani ko ruwan kwalba da aka rubuta furobayotik ko firibayotik a jikinsa. Wannan darasi zai bayyana yadda cikin doki yake aiki, da ma'anar waɗannan kalmomi biyu, da abin da bincike ya tabbatar game da su, sannan da hanyar da za a bi wajen zaɓe.

Yadda Cikin Doki Yake

Saniya da tunkiya da akuya dabbobi ne masu tuƙa. Babban tumbinsu, inda ciyawa take jiƙa ta narke, yana gaba ne, kafin hanji. Tsarin doki ya sha bamban da wannan. Tumbinsa ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, domin ba ya ɗaukar fiye da lita 8 zuwa 15. Haka kuma ƙofar da ke tsakanin maƙoshinsa da tumbinsa tana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa doki ba ya iya yin amai. Duk abin da ya haɗiya, mai kyau ko marar kyau, tilas ya bi hanyar har ƙarshenta.

Daga tumbi abinci yana shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita 20. A nan ne jiki yake narkar da sukari da sitaci da maiƙo da furotin. Amma zaren ciyawa, wanda masana ke kira selulos, yana wucewa ne yadda yake, domin jikin doki ba ya samar da sinadarin da zai iya farfasa shi. Wannan zare yana faɗawa cikin wata babbar jaka mai tsawon kimanin mita 1, mai ɗaukar lita 25 zuwa 35, wadda ake kira sikam, daga nan kuma ya zarce babban hanji.

A waɗannan wurare biyu ne ƙananan halittu suke zaune. Akwai bakteriya, da nau'o'in funfuna, da 'yan mitsi-mitsin halittu masu ƙwayar rai ɗaya, kuma a cikin giram ɗaya na abin da ke cikin hanjin ana samun biliyoyinsu. Su ne suke cin zaren ciyawa, su fitar da wasu nau'o'in asid guda uku, wato asitet da furofiyonet da butiret. Jini yana kwasar waɗannan, jiki ya mayar da su kuzari. Dokin da ke rayuwa a kan ciyawa yana samun fiye da rabin ƙarfinsa ta wannan hanya. Ke nan duk mai kiwon doki yana kiwon garke biyu ne, wanda ido ke gani a turke, da wanda ke ɓoye a cikin hanji.

Abin da ke Rikita Wannan Garke

A daji doki yakan shafe kimanin awa 16 a kullum yana kiwo, yana cin abinci kaɗan-kaɗan. Ƙananan halittun cikinsa sun saba da wannan tsari. Idan aka ba shi dawa ko masara mai yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji ba zai iya narkar da sitacin duka ba, sai ragowar ta kwarara zuwa sikam. A can akwai bakteriya masu son sitaci, irin su Streptococcus da Lactobacillus, waɗanda nan da nan za su hayayyafa, su riƙa fitar da asid irin wanda ke sa nono tsami. Tsamin hanji yakan ƙaru, har ma'auninsa ya sauko daga kusan 7 zuwa ƙasa da 6. A wannan yanayi halittun da ke narkar da ciyawa sukan mutu da yawa, iska ta taru, bangon hanji ya yi rauni, guba ta sami hanyar shiga jini. Sakamakon haka shi ne kumburin ciki, ko zawo, ko kuma kumburin naman cikin kofato, wanda kan hana doki taka ƙasa, wani lokaci ma ya nakasa shi har abada.

Ban da hatsi, sauya abinci farat ɗaya, kamar daga busasshiyar harawa zuwa ɗanyar ciyawar farkon damina, da doguwar tafiya a mota, da ƙarancin ruwan sha, duk suna rikita hanji. Haka nan magungunan kashe bakteriya, domin ba su bambanta mai cutarwa da mai amfani.

Furobayotik da Firibayotik

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bambancin waɗannan abubuwa biyu ita ce a kwatanta hanji da gona. Furobayotik tamkar iri ne da ake shukawa, firibayotik kuwa tamkar taki ne da ake zuba wa shukar da ke gonar tun asali.

Tunanin furobayotik ya samo tushe daga wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Élie Metchnikoff, wanda ya yi aiki a Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris, ya kuma sami kyautar Nobel a 1908. Ya lura da yawan shan nono mai tsami a tsakanin manoman Bulgeriya, sai ya yi hasashen cewa bakteriyar da ke cikin nonon tana ƙara lafiya. Dangin wannan bakteriya ne suke mayar da madara kindirmo. A shekarar 2001 wani taron masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsayar da ma'anar kalmar. Ma'anar ta ƙunshi sharuɗɗa uku: halittun su kasance masu rai, a ba da su da yawan da ya isa, kuma a tabbatar suna amfanar lafiyar wanda ya sha.

Kalmar firibayotik kuwa masana biyu ne, Glenn Gibson da Marcel Roberfroid, suka fito da ita a 1995. Ana nufin wasu nau'o'in abinci da jiki ba ya narkarwa, waɗanda kan isa babban hanji su ciyar da halittu masu amfani. Misalinsu shi ne inulin, wanda ake samu a saiwar tsiron cikori, da danginsa da ake rubutawa FOS a jikin kwali. Ana kuma sayar da wani mai suna MOS, wanda ake cirowa daga ɓawon ƙwayar yis.

Abin da Bincike Ya Nuna

A nan ne ya kamata ɗalibi ya natsu, domin sau da yawa abin da ɗan talla yake faɗi ya zarce abin da gwaji ya tabbatar.

Wanda ya fi samun goyon bayan bincike shi ne yis mai rai, wato Saccharomyces cerevisiae, irin wanda ke kumbura burodi. Gwaje-gwajen da aka yi a Dijon ta ƙasar Faransa sun nuna cewa yana rage hauhawar tsamin hanji a dawakin da ake ba hatsi da yawa, kuma Tarayyar Turai ta amince da wasu nau'o'insa a matsayin ƙarin abincin doki mai taimakon narkewa. Akwai kuma ɗan uwansa, Saccharomyces boulardii. Wani ƙaramin gwaji da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna ya rage tsawon kwanakin zawo a dawaki marasa lafiya, amma wani gwajin da ya biyo baya bai ga wani bambanci a fili ba. Wani amfanin yis shi ne, da yake shi ba bakteriya ba ne, maganin kashe bakteriya ba ya kashe shi.

Labarin furobayotik na bakteriya kuwa bai yi daɗi haka ba. A 2005 Scott Weese na Jami'ar Guelph da ke Kanada da abokiyar aikinsa sun gwada wata bakteriya mai suna Lactobacillus pentosus a kan jariran dawaki, da nufin hana su zawo. Abin mamaki, waɗanda aka ba maganin sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da zawon. Wani gwajin da aka buga a 2015 ya sake nuna rashin amfani a jariran dawaki. Darasin da ke cikin wannan shi ne, kasancewar abu na halitta ba ya nufin ba shi da illa.

Akwai kuma matsalar gaskiyar rubutun kwali. A 2011 Weese ɗin nan da wata abokiyar bincikensa sun auna furobayotik na dabbobi iri 25 da ake sayarwa a kasuwa. Guda 15 ne kawai suka faɗi adadin halittu masu rai da ke cikinsu, kuma daga cikin waɗannan, 4 ne kawai suka cika adadin da suka yi alkawari.

Dangane da firibayotik, an ga alamar cewa ɗan kaɗan na FOS yana rage rikicewar hanji idan aka sauya abinci ba shiri. Amma yawansa haɗari ne. A Jami'ar Queensland ta Ostireliya, a 2006, masu bincike sun nuna cewa ɗura wa doki kimanin giram 10 na irin wannan sukari a kan kowane kilo na nauyinsa yana haddasa kumburin cikin kofato. Wannan adadi ya ninka abin da ake sawa a abinci sau da yawa, amma ya isa ya nuna cewa takin da ke gyara gona, idan ya wuce ƙima, ƙone shuka yake yi.

Ƙa'idojin Zaɓe

Idan likitan dabbobi ya ga akwai buƙata, kamar bayan jinya, ko lokacin doguwar tafiya, ko ga dokin sukuwa da na folo da ba makawa sai an ba shi hatsi, to, a kula da waɗannan:

1. A duba cikakken sunan halittar. Kwalin da ya ce "ƙwayoyi masu amfani" kawai, bai ambaci suna ba, abin gudu ne.

2. A nemi adadin masu rai, wanda ake rubutawa da haruffan CFU. Adadin da ke da amfani shi ne wanda zai kai har ranar ƙarewar wa'adi, ba na ranar da aka haɗa maganin ba.

3. A tabbatar an gwada shi a kan doki. Abin da ya yi wa kaza ko ɗan Adam aiki ba lallai ne ya yi wa doki ba.

4. A lura da wurin ajiya. Zafi da laima suna kashe waɗannan halittu. Kwalbar da ta yi watanni a rumfar kwano cikin zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, da wuya a sami sauran masu rai da yawa a cikinta.

5. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

6. Kada a wuce adadin da aka rubuta, kada kuma a ba jaririn doki sai da umurnin likita.

Abin da Ya Fi Kowane Magani

Babban abincin halittun hanji shi ne ciyawa. Masana sun ba da shawarar kada busasshiyar ciyawar da doki ke ci a kullum ta gaza kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa. Dokin da ya kai kilo 400 yana buƙatar aƙalla kilo 6 na ingirici ko kyasuwa, haɗe da harawar wake ko ta gyaɗa marar funfuna. Sitaci kuwa kada ya wuce giram 1 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyi a ci ɗaya. Da yake kusan kashi biyu cikin uku na dawa da masara sitaci ne, wannan doki bai kamata ya ci fiye da giram 600 zuwa kilo 1.2 na hatsi a lokaci guda ba. A raba hatsin gida uku ko huɗu, a kuma fara ba shi ciyawa tukuna. Duk wani sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 14. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka dokin da ake so ya yi kyau da Sallah, tun watanni kafin nan ake fara kiwonsa. A haɗa da ruwa mai tsabta a kowane lokaci, da maganin tsutsar ciki, da duba haƙora.

Wajibi ne kuma a sani cewa waɗannan magunguna ba sa warkar da ciwon ciki idan ya riga ya kama. Dokin da ya ƙi abinci, yana tona ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, yana zufa, likita yake buƙata cikin gaggawa, domin mai yiwuwa hanjinsa ne ya toshe ko ya murɗe.

Aikin Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai tasirin zafi a kan halittu masu rai. A sami kwalabe biyu, a zuba ruwan ɗumi da cokali ɗaya na sukari a kowace. A sa yis ɗin burodi a ta farko. A ta biyu kuma a sa yis ɗin da aka riga aka tafasa ya huce. A rufe bakin kowace da balan-balan, a ajiye na awa ɗaya, sannan ɗalibai su rubuta abin da suka gani da dalilinsa.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin tsarin cikin doki da na saniya.

2. Me ke faruwa a cikin sikam idan doki ya ci hatsi fiye da ƙima?

3. Kawo sharuɗɗa uku da abu zai cika kafin a kira shi furobayotik.

4. Lissafa mafi ƙarancin busasshiyar ciyawar da doki mai nauyin kilo 300 yake buƙata a kullum.