Yadda Ake Auna Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Tazarar Taurarin Ɗan'adam Biyu

A ƙarshen Agusta, lokacin da gero ke fitar da kai a gonakin Kankiya da Kusada, ƙasar da manomi ke takawa ta fi yadda take a Afrilu nauyi. Ruwa mai zurfin santimita 1 da ya kwanta a fili mai faɗin murabba'in kilomita 1, nauyinsa tan 10,000 ne, kuma damina ɗaya tana zuba ninkin wannan sau da yawa. Wani ya bi rafi, wani rana ta shanye, wani ya nitse ya zauna. Duk abin da nauyinsa ya ƙaru kuwa, ƙarfin da yake jan abin da ya gitta kusa da shi ƙaruwa yake yi, ko da kaɗan ne. A kan wannan ƙa'ida hukumar NASA ta Amurka da takwararta ta Jamus suka gina aikin GRACE, wanda aka harba ranar 17 ga Maris 2002 daga Plesetsk ta Rasha. Ya yi aiki har 2017, sannan magajinsa GRACE-FO ya tashi ranar 22 ga Mayu 2018 daga Kalifoniya.

Farkon aiki shi ne jera taurarin. Guda biyu ne iri ɗaya, a layi ɗaya, a tsayin kusan kilomita 500, ɗaya gaba ɗaya baya, da tazarar kusan kilomita 220 a tsakani, wato fiye da nisan Kano zuwa Katsina. Gudunsu ya haura kilomita 7 a daƙiƙa, don haka inda na gaba ya wuce, na baya zai iso wurin bayan kamar rabin minti. Suna bi ta kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, suna kewaya duniya kusan sau 15 a rana, ita kuma tana juyawa a ƙarƙashinsu, har cikin wata guda su ratsa kusan ko'ina. Ma'aikatan sun laƙaba musu Tom da Jerry, tunda kullum ɗaya na bin ɗaya bai taɓa kama shi ba.

Me tazarar ke faɗa? A ɗauki masu keke biyu a hanya, sun doso kwari. Na gaba ne zai fara zubawa gangara, sai tazara ta buɗe. Da ya kama hawan ɗaya gefen sai gudunsa ya yi sanyi, a daidai lokacin na baya ya shigo gangarar, tazara ta tsuke. Haka wuri mai nauyi, tsauni ne ko ƙasar da ta sha ruwa, yake fisgar tauraron gaba kafin na baya. Wanda ya rubuta buɗewa da tsukewar nan daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya rubuta nauyin abin da ke ƙasa.

A nan wahalar take, domin canjin da ruwa ke jawowa ƙarami ne ƙwarai. Ma'aunin da ake aiki da shi maikuron ne, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kowane tauraro yana aika wa ɗan'uwansa igiyar rediyo mai gajeren zango ba tsayawa, yana kuma karɓar tasa. Tsawon zangon igiyar bai wuce santimita guda da ɗoriya ba. Ba a ƙirga lokacin da saƙo ya ɗauka a hanya, don babu agogon da zai ba da wannan daidaito. Abin da ake yi shi ne a ɗora igiyar da ta iso a kan wadda tauraron ke samarwa da kansa, a ga ko tudunsu ya hau kan tudu ko ya goce, kuma da nawa ya goce. In tazara ta motsa, gocewar za ta canza. Sai a haɗa awon na gaba da na baya wuri ɗaya, kuskuren agogon kowannensu, da ya shiga awon biyu, ya kashe kansa. Wannan dabarar ta aikawa ta fuska biyu, a ganina, ita ce gwanintar aikin gaba ɗaya: maimakon a nemi agogon da ba ya kuskure, an shirya lissafin yadda kuskuren zai cinye kansa. Kuma zango biyu ake aikawa, mai gigahaz 24 da mai 32, saboda iskar can sama mai ɗauke da lantarki tana taɓa kowanne daban, bambancin nasu ne ke nuna abin da za a cire.

A GRACE-FO an ƙara hasken lesa a gefen rediyon. Tauraro ɗaya ya harba, ɗayan ya karɓa ya mayar, a gwada wanda ya dawo da wanda ya fita. Zangon hasken kusan maikuron 1 ne kacal, don haka awon ya sauka zuwa nanomita, kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Amma sai an saita ƙyallin ya faɗa daidai kan ƙaramar taga daga nisan kilomita 220, duka biyun kuma suna gudu.

Mataki na gaba shi ne tace abin da ba jan ƙasa ba. Ko a wannan tsayin akwai ragowar iska da ke rage wa tauraro gudu, hasken rana ma yana tura shi. A tsakiyar kowane tauraro akwai ɗan dunƙulen ƙarfe da lantarki ke riƙe da shi a sarari, bai taɓa komai ba. Iska tana tura jikin tauraron amma ba ta kai ga dunƙulen, sai a auna ƙarfin da aka kashe wajen tsayar da shi a tsakiya, a cire daga lissafi. Na'urar GPS tana faɗin inda kowanne yake da lokacin awo, kyamarori kuma suna duban taurarin sama don a san ina ya fuskanta.

Tuƙi daga cibiyar Oberpfaffenhofen ta Jamus ake yi. In tazara ta nemi fita daga iyaka, sai a fesa ɗan iskar gas a gyara. A Disamba 2005 har musanya musu wuri aka yi, na baya ya koma gaba, domin kada eriyar da ke fuskantar iska kullum ta gaji ita kaɗai.

Sauran aikin a ƙasa yake. Cibiyoyi uku, JPL a Kalifoniya, Jami'ar Texas a Austin da GFZ a Potsdam, suna cire tasirin cikowa da janyewar teku da nauyin iska, su fitar da taswirar nauyi wata-wata. A gwada ta Satumba da ta Afrilu, bambancin galibinsa ruwa ne. A cire na madatsun ruwa da danshin saman ƙasa, abin da ya rage shi ne na ƙarƙashi. Da haka aka gano cewa arewa maso yammacin Indiya ta yi asarar ruwan ƙasa kusan kilomita kubik 109 tsakanin 2002 da 2008, yawancinsa ta famfunan ban ruwa.

Mai shirin haƙa burtsatse a Kusada kada ya sa rai taswirar nan ta nuna masa inda zai kafa inji. Idonta ba ya rarrabe abin da bai kai faɗin kilomita 300 ba, wanda ya haɗiye Kankiya da Katsina da Kano a tabo ɗaya. Ga shi kuma ruwan wannan yanki a ruɓaɓɓen dutse da tsaginsa yake maƙalewa, shi ya sa rijiyar wani ke kawo ruwa har bazara ta maƙwabcinsa ta ƙafe tun Fabrairu. Abin da taurarin ke iya faɗa shi ne ko yankin baki ɗaya yana tarawa ko yana cin jari, shekara bayan shekara. Raba wannan jimla gari-gari sai da awon rijiyoyi: a zura igiya mai alama, a rubuta zurfin da kwanan wata, a maimaita. Irin wannan rubutun ne ya nuna cewa a kudu maso yammacin Nijar, kewayen Yamai, ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007 duk da farin da aka sha, saboda sare daji ya sa ruwan sama gangarewa cikin tafkuna, daga nan ya nitse ƙasa.