Hawan Jini a Jikin Maza: Gado da Garkuwar Jiki

Hakimai da malamansu sun sha ganin magidanci ya faɗi ba zato, rabin jikinsa ya shanye, jama'a su ce sammu ne. Sau da yawa hawan jini ne, watau awon jini ya kai 140 bisa 90 ya zauna can. Kafin shekara 50 ya fi kama maza bisa mata.

Ciwon yana bin zuriya, ko da ya ke gishiri da ƙiba su kan iza shi.

Abin mamaki kuwa, garkuwar jiki ma tana da hannu. A 2007 masana a Jami'ar Emory ta Amurka suka ba ɓeraye maganin tayar da jini, ɓerayen nan kuwa ba su da fararen ƙwayoyin jini da a ke kira T. Jininsu bai hau sosai ba, sai da aka zuba musu ƙwayoyin. Daga baya aka ga na ɓera namiji sun fi na mace tayar da shi. Su kan taru a ƙoda su jawo kumburi, ƙoda ta riƙe gishiri.

Saboda haka hakimi ya umarci dagatai su gaya wa duk magidancin da ciwon ya taɓa iyayensa ya je asibiti a auna shi kowace shekara, ko da yana jin lafiya lau.